Gurzar faifai: yadda garmaho ya zama kayan kiɗa, da rabon Douala a cikin sana'ar

Gurzar faifai sana'ar kiɗa ce da mai ita ke ɗora hannu a kan faifan garmaho yana cikin juyawa, ya tura shi gaba, ya jawo shi baya a ƙarƙashin allura, har sautin da aka naɗa a ciki ya koma wani sabon kiɗa. Da Turanci ana ce wa gurzar scratch, fasahar gaba ɗayanta kuma turntablism. Masu Faransanci suna cewa platinisme, daga platine, wato farantin da faifai ke zama a kai. Abokiyar tafiyarta ita ce kiɗan tsakure, inda ake yanko ɗan guntun sauti daga tsohon faifai, na daƙiƙa biyu ko biyar, a maimaita shi, a haɗa shi da wasu guntaye har a tayar da waƙa sukutum. Duka biyun a cikin kiɗan hip hop suka girma, wanda muke kira gambarar zamani.

A birnin New York aka haifi sana'ar a shekarun 1970, amma mutumin Douala yana da dalilin saninta. Kundin Manu Dibango da ya shiga Amurka da waƙar "Soul Makossa" yana ɗauke da wani kiɗa mai suna "New Bell", sunan unguwar da Hausawan Douala suka fi zama. Tun daga lokacin sautin Kamaru bai fita daga akwatunan masu wannan sana'a ba, kuma tambayar da ta biyo shi har yau tana nan: idan aka gina sabuwar waƙa da tsohuwa, wa ke da haƙƙi, wa kuma za a biya?

Kayan aiki da yadda ake gurzar

Mai gurza, wanda ake kira DJ, yana aiki da garmaho biyu, da na'urar gauraya sauti a tsakaninsu, wadda ake ce wa miksa. A jikin miksar akwai wani ɗan maɓalli mai zamewa hagu da dama. Idan aka tura shi hagu, garmahon hagu ake ji. Idan aka tura shi dama, na dama ake ji. A tsakiya kuma duka biyun. Hannu ɗaya yana kan faifai, ɗayan yana kan maɓallin, yana buɗe sauti yana rufewa. A ƙarƙashin faifan ana shimfiɗa wani ƙyalle mai santsi, don farantin ya ci gaba da juyawa ko da an riƙe faifan da yatsa.

Sirrin abin yana cikin gudun faifai. Babban faifai yana zagayawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, ƙarami sau 45. Idan hannu ya tura shi fiye da wannan gudun, sautin sai ya yi siriri ya hau sama. Idan ya rage gudun, sai ya yi kauri ya sauka. Duk wanda ya taɓa kallon makaɗin kalangu ya san irin wannan aiki: yana matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya sassauta, ta sauka, har gangar ta yi magana. Mai gurza da gudun hannunsa yake yin haka, shi ya sa ƙwararru ke iya fitar da karin waƙa daga sautin ƙaho guda ɗaya ko kalma ɗaya da wani ya furta a faifai.

Garmahon da sana'ar ta dogara da shi shi ne Technics SL-1200 na kamfanin Matsushita na Japan, wanda ya fito a 1972, aka sake inganta shi a 1979. Injinsa ne ke juya farantin kai tsaye, babu bel a tsakani, don haka da an saki faifai yake komawa gudunsa nan take. Yana kuma da majanyin da ke ƙara gudu ko rage shi da kashi 8 cikin 100, wanda ake daidaita bugun waƙoƙi biyu da shi. An daina ƙera shi a 2010, aka dawo da shi a 2016 saboda masu nema sun ƙi ƙarewa.

Salon gurza yana da yawa, kowane da sunansa. Mafi sauƙi shi ne turawa da jawowa ba tare da taɓa maɓalli ba, kuma da shi ɗan koyo ke farawa. Akwai wanda ake datsa sauti gutsi-gutsi da maɓallin, wanda ya yi suna a birnin Philadelphia a hannun su Cash Money da Jazzy Jeff. Akwai wanda ake karkaɗa maɓallin da yatsu huɗu a jere, kamar tafiyar ƙaguwa, wanda aka san DJ Qbert da shi. Sai kuma wasa da faifai biyu masu kiɗa iri ɗaya, ana komawa daga wannan zuwa wancan har a sauya tsarin bugun gangar baki ɗaya, salon da Steve Dee na Harlem ya fito da shi.

Asalin sana'ar

Ranar 11 ga Agusta 1973, wani saurayi haifaffen Jamaika, Clive Campbell, wanda aka fi sani da Kool Herc, ya saka faifai a wani biki da ƙanwarsa Cindy ta shirya a gida mai lamba 1520, titin Sedgwick, a unguwar Bronx. Wannan ranar ce ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar hip hop. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a gaɓar da mawaƙi ya yi shiru, sauran kayan kiɗa suka tsaya, aka bar ganga zalla. Gaɓar kuwa ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. Sai ya riƙa sayen faifai iri ɗaya guda biyu: idan gaɓar ta ƙare a wannan, ya sako ta a wancan, ya mayar da na farko baya. Da haka ganga ta daƙiƙa goma ta zama ta minti biyar.

Joseph Saddler, wato Grandmaster Flash, wanda ya koyi aikin lantarki, shi ya gyara dabarar ta zama babu tuntuɓe. Ya riƙa sa alama a jikin faifai, yana ƙirga zagaye nawa zai mayar da shi baya don ya faɗa daidai kan bugun farko. Gurzar kanta kuwa ana danganta ta ga Grand Wizzard Theodore, yana yaro a tsakiyar shekarun 1970. Kamar yadda shi kansa yake ba da labari, mahaifiyarsa ce ta shigo tana masa faɗa kan ƙarar kiɗa, ya riƙe faifan da hannu yana saurarenta, yana ɗan motsa shi, sai ya ji sautin ya yi masa daɗi.

A 1981 Flash ya fitar da "The Adventures of Grandmaster Flash on the Wheels of Steel", kiɗa na kusan minti bakwai da ya haɗa da faya-fayan wasu mawaƙa. A 1983 kuma gwanin kiɗan jaz Herbie Hancock ya fitar da "Rockit", inda Grand Mixer D.ST ya yi gurza a matsayin ɗaya daga cikin makaɗa. Da aka nuna su a talabijin a bikin kyautar Grammy na 1984, yara da dama suka ga abin a karon farko, kuma manyan gwanayen da suka zo daga baya sun sha faɗin cewa a daren suka yanke shawarar koyo.

Gasa ta ƙara wa sana'ar kaifi. Ƙungiyar DMC ta Landan ta fara gasar DJ a 1985, kuma a 1986 DJ Cheese na Amurka ya cinye ta da gurza, daga nan gasar ta koma ta masu gurza. Ana ba kowa minti shida ya nuna abin da ya iya. A-Trak na Kanada ya ci ta a 1997 yana ɗan shekara 15, DJ Craze kuma ya ci sau uku a jere daga 1998 zuwa 2000. A tsakiyar shekarun 1990 ne DJ Babu ya yaɗa kalmar turntablist, don a bambanta mai kaɗa garmaho da mai zaɓen waƙoƙi kawai.

Douala a cikin akwatin faifai

New Bell ta samo asali ne daga ƙwacen filaye da Jamusawa suka yi gab da yaƙin duniya na farko, lokacin da suka nemi kawar da mutanen Duala daga bakin kogin Wouri zuwa bayan gari. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. A zamanin Faransawa unguwar ta zama masaukin baƙi: Hausawa fatake, Bamileke, Bassa, da mutanen ƙasashen yammacin Afirka, kowa da ɓangarensa. Wannan ce unguwar da Dibango ya sa wa kiɗa sunanta.

An haifi Manu Dibango a Douala ranar 12 ga Disamba 1933. A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka karo na takwas, ya yi wa gasar take, a bayan faifan kuma ya sa "Soul Makossa". Kongo Brazzaville ta fitar da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe, taken ya bi ruwa. Bayan faifan ne ya yi tafiya. Wani DJ na New York, David Mancuso, ya tsinci faifan a wani shago a Brooklyn, ya riƙa saka shi a wurin rawarsa mai suna The Loft. Frankie Crocker ya saka shi a rediyon WBLS, mutane suka bazama nema, faifan ya yi wuya, ƙungiyoyin kiɗa da dama suka yi ta naɗar kwaikwayonsa. Daga bisani kamfanin Atlantic ya sayi izinin buga shi, ya kai matsayi na 35 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka a 1973, shekarar da Herc ya yi bikinsa.

Abin lura a nan shi ne, DJ ne ya fito da waƙar fili a Amurka, tun kafin wani babban kamfani ya san da ita. Daga nan ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin Afirka da aka fi tsakura. Jay-Z ya yi amfani da ita a "Face Off" a 1997, Kanye West kuma a "Lost in the World" a 2010. Shi kansa Dibango bai tsaya kallo ba. A 1985 ya fitar da kundin "Electric Africa" tare da Herbie Hancock da Bill Laswell, mutanen da suka yi "Rockit" shekara biyu kafin nan. Ya rasu a Faransa ranar 24 ga Maris 2020, sakamakon cutar korona.

Na'urar tsakure da kundayen da suka yi fice

Abin da Herc ke yi da hannu, na'ura ta zo ta riƙa yi da maɓalli. E-mu SP-1200 ta fito a 1987, tana iya riƙe sauti na daƙiƙa 10 kacal. Akai MPC60, wadda Roger Linn ya tsara, ta biyo baya a 1988, da maɓallai 16 da ake bugawa da yatsu kamar ganga. Ƙarancin wurin ajiya ya koya wa masu aiki da su dabara: su naɗi faifan da gudu don ya ci ɗan lokaci, sannan su rage gudun a cikin na'urar. Wannan ne ya ba kiɗan wancan zamani ɗan kaushin da aka san shi da shi.

Da farko DJ yana bayan mawaƙi ne. Daga tsakiyar shekarun 1990 suka fara fitar da kundaye nasu na kansu, yawanci babu mai rera waƙa a ciki. Waɗanda aka fi ambata sun haɗa da:

"Return of the DJ" na 1995, tarin ayyukan masu gurza daban-daban da wani ƙaramin kamfani na San Francisco ya fitar. Shi ya nuna cewa akwai masu sayen kundin da babu mawaƙi a cikinsa.

"Endtroducing" na DJ Shadow, 1996. Da garmaho ɗaya, MPC60 da na'urar naɗi ya gina shi, daga faya-fayan da ya shafe shekaru yana tonowa a ɗakin ƙasa na wani shago a Sacramento. A 2001 kundin bajinta na Guinness ya sa shi a matsayin kundi na farko da aka yi gaba ɗaya da tsakure.

"X-Pressions" na ƙungiyar X-Ecutioners ta New York, 1997, da "Wave Twisters" na DJ Qbert, 1998, wanda daga baya aka yi masa fim na zane. A irin waɗannan ƙungiyoyi kowa da rabonsa: wani ya gurza ganga, wani ya riƙe kauri, wani ya fitar da kari, kamar yadda ake raba aiki a ƙungiyar makaɗa.

"Carpal Tunnel Syndrome" na Kid Koala ɗan Kanada, 2000, mai cike da barkwanci da guntayen maganganu daga tsofaffin faya-fayan koyarwa.

"Donuts" na J Dilla ɗan Detroit, guntayen kiɗa 31, wanda ya fito ranar 7 ga Fabrairu 2006, kwana uku kafin rasuwarsa. Dilla ya fi suna a yankan tsakure fiye da gurza, amma masu sana'ar suna karatun kundin kamar littafi.

A 2010 biyu daga cikin gwanayen Los Angeles suka juyo Afirka kai tsaye. Madlib ya fitar da "Beat Konducta in Africa" da tsakuren faya-fayan Afirka na shekarun 1970. Cut Chemist kuma ya fitar da "Sound of the Police", wanda ya yi da garmaho ɗaya tak da na'urar maimaita sauti da ake takawa da ƙafa, akasari daga faya-fayan Afirka, musamman na Habasha.

Ta Faransa zuwa Afirka

Ga ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, Paris ce ƙofar da abin ya fi shigowa. A ƙarshen 1982 tawagar mawaƙa da masu rawa ta New York ta zo Faransa, har da D.ST. A shekarar ce kamfanin Celluloid, wanda Bafaranshe ya kafa, ya fitar da "Change the Beat" na Fab 5 Freddy, da wata mace tana gambara da Faransanci a ɗaya gefen. Wani ɗan sauti da ke ƙarshen wannan gefe shi ne har gobe sautin da aka fi gurzawa a duniya, kuma da shi ake gwada hannun ɗan koyo. A 1984 tashar TF1 ta fara shirin hip hop na mako-mako wanda Sidney ke gabatarwa, Dee Nasty kuma ya fitar da "Paname City Rappin'". MC Solaar, haifaffen Dakar wanda iyayensa 'yan Chadi ne, ya yi suna da kiɗan tsakure na DJ Jimmy Jay. Daga baya Faransawa suka mamaye gasar ƙungiyoyi ta DMC: Birdy Nam Nam a 2002, sai C2C na birnin Nantes sau huɗu a jere daga 2003 zuwa 2006, waɗanda kundinsu "Tetra" na 2012 ya yi kasuwa sosai.

A Kamaru, misali mafi kusa shi ne Jovi, haifaffen Douala, wanda ke haɗa kiɗa da sunan Le Monstre. Kundinsa na farko, "H.I.V", ya fito a 2012, kuma a waƙar "Pitié" ya ɗora gambararsa a kan tsohuwar waƙar Tabu Ley Rochereau na Kongo, da sunan Tabu Ley a jiki. Kamfanin da ya kafa daga baya sunansa New Bell Music. Jovi mai tsakure ne, da kwamfuta yake aiki, amma hanyar ita ce ta su Shadow: a koma ga abin da iyaye suka saurara a gina sabo da shi. A Najeriya kuma DJ Jimmy Jatt na Legas ya fitar da "The Definition" a 2007, kundin DJ da ya tara mawaƙa a kan kiɗansa.

A ƙasar Hausa gurzar faifai ba ta kafu ba, kuma dalilin a fili yake. Kalmar faifai kanta tana nuna mun san abin da wuri, domin sunan faifan rufe ƙwarya ne aka ba shi saboda kamanni. Amma a shekarun 1980, daidai lokacin da gurza ke tashe a Amurka, kaset ya kori faifai daga kasuwanninmu. Kaset ya fi araha, ana iya kwafarsa a shago, yana aiki da batir, sai dai ba a ɗora masa hannu a gurza. Da waƙoƙin fim suka zo a shekarun 1990, fiyano ƙirar Yamaha ce ta zama kayan aikin ɗakunan naɗi na Kano. Gambarar Hausa ta Yamai, Damagaram, Kaduna da Kano ta tashi a kan fiyano da kwamfuta. DJ na gidan biki, a Maraɗi ne ko a New Bell, yawanci aikinsa zaɓen waƙa da jera ta.

Yau shingen kayan aiki ya ragu. Tun farkon shekarun 2000 na'urori irin su Pioneer CDJ-1000 da manhajar Serato suka sa ana iya gurza sautin da ke cikin CD ko kwamfuta kamar faifai ne. Manhajoji irin su Virtual DJ da FL Studio suna cikin kwamfutocin samari da yawa. Duk mai ƙaramin faranti na lantarki zai iya koyon gurza, duk mai waya zai iya yanko tsakure daga waƙar Shata.

Haƙƙin wa?

A kan kowace waƙa da aka naɗa akwai haƙƙi iri biyu. Na farko na wanda ya tsara waƙar ne, kalmominta da karinta. Na biyu na naɗin ne, wato sautin da ke cikin faifan, wanda galibi yana hannun kamfanin da ya biya kuɗin naɗi. Wanda ya sake rera wani sashe da bakinsa ya taɓa haƙƙi na farko. Wanda ya yanko sautin daga faifai ya taɓa duka biyun, kuma izini biyu yake buƙata.

A shekarun 1980 ba a cika neman izini ba. A 1991 wata kotun New York ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda tsakuren waƙar Gilbert O'Sullivan, aka janye kundinsa daga kasuwa. Daga nan kamfanoni suka fara biyan kuɗi kafin su fitar da waƙa, kundi mai tsakure ɗari ya zama abin da sai mai hali. Kundayen farko na ƙungiyar De La Soul ba su hau manhajojin sauraron waƙa ba sai a Maris 2023, kuma rikicin izinin tsakure na cikin abin da ya tsare su.

Kamaru ta ga irin wannan shari'a fiye da sau ɗaya. André-Marie Tala ya kai James Brown ƙara kan cewa ya ɗauki kiɗansa "Hot Koki" ya mayar da shi nasa a 1975, kuma bayan shekaru ana shari'a aka ba Tala gaskiya. Michael Jackson ya sake rera amshin "Soul Makossa" a waƙar da ta buɗe kundin "Thriller" na 1982 ba da izini ba, Dibango ya yi ƙara, aka sasanta a wajen kotu da biyan kuɗi. Da Rihanna ta tsakuro wannan sashe daga waƙar Jackson a 2007, Dibango ya sake zuwa kotu a Paris a 2009, amma aka ƙi karɓar ƙarar, bisa hujjar cewa tun farko ya janye bayan an amince a sa sunansa a jikin faifan. A 2010 kuma sai da aka yi surutu kafin a sasanta da ƙungiyar Golden Sounds, masu "Zangaléwa" ta 1986, wadda Shakira ta ɗora waƙar gasar cin kofin duniya a kanta.

Waɗannan duka suna da suna da lauya. Makaɗan da ke bayan fage sun fi shan wuya. Gangar da Gregory Coleman ya buga ta daƙiƙa shida a faifan "Amen, Brother" na 1969 ta shiga dubban waƙoƙi, shi kuwa ya rasu a 2006 ba shi da matsuguni, bai karɓi ko sisi ba. Wannan labari ya shafe mu, domin a faya-fayan Hausa da kaset-kaset sunan mawaƙi kaɗai ake rubutawa. Masu kalangu, masu kotso da 'yan amshi ba a ambatonsu, alhali gaɓarsu ce mai tsakure ke nema.

Dokar Kamaru ta 19 ga Disamba 2000 tana kare waƙa har shekara 50 bayan rasuwar mai ita. A Najeriya shekara 70 ce, don haka waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069, kuma haƙƙin yana hannun magada. Haka na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Mai neman bayani zai iya tuntuɓar hukumar SONACAM a Kamaru, BNDA a Nijar, ko hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya. Hedkwatar ƙungiyar OAPI, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, wadda Kamaru, Nijar, Chadi, Benin da Togo ke ciki, tana Yaounde.

Tsohon faifan da ke cikin adaka

Masu neman tsofaffin faya-fayai sun daɗe suna zagaya Afirka. Kamfanin Analog Africa na Jamus ya fitar da tarin makossa na 1976 zuwa 1984 a 2017. Sahel Sounds na Amurka ya sake buga kiɗan fiyanon Mamman Sani na Nijar na 1978 a 2013, a shekarar kuma ya fitar da "Harafin So", tarin waƙoƙin fim na Hausa, a kan faifan garmaho. Abin da aka sake bugawa a faifai ya shiga hannun masu gurza ke nan.

Gidajen Hausawa na Douala, Yaounde, Kumasi ko Abidjan suna da rabonsu a wannan dukiya, domin mazauna nesa da gida sun fi kowa adana muryar gida. Wanda ke da irin waɗannan kaya ya jingina faifai a tsaye, kada ya jibge su kwance, ya nisanta su daga rana, wadda ke lanƙwasa su. Damshin Douala yana haifar da fumfuna, don haka a riƙa fito da su ana gogewa da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen layin. Tsohon faifai mai nauyi, mai gudun 78, yana fashewa kamar tangaran, kuma sinadarin barasa yana cinye shi. Kaset kuma a raba shi da zafi da maganaɗisun lasifika. Idan za a kwafe su zuwa kwamfuta, a adana kwafi ɗaya cikakke wanda ba a matse ba, domin wanda ya bi ta WhatsApp ya riga ya rasa kaso mai yawa na sautinsa. A rubuta sunan mawaƙi, wurin da aka naɗa, shekara, da sunayen makaɗa tun da sauran dattawan da suka san su.

Mai sayarwa ya sani cewa sayar da faifai bai sayar da haƙƙin waƙar da ke ciki ba, wanda ya saya ma bai mallake shi ba. Saurayin da ke son tsakurar Shata, Barmani Choge ko Ɗanƙwairo ya nemi magada da kamfanin da ya yi naɗin tun kafin ya saki waƙar, a rubuta yarjejeniya, a faɗi kason kowa, a kuma sa sunan mai asalin waƙar a inda za a gani. Bayan waƙa ta yi kasuwa ciniki yakan yi tsada, kuma sau da yawa a gaban alƙali ake ƙarasa shi.